Jambaki a Kan Dungu

Ba a haifi mutumin da ya taɓa jin na ce wayyo ba. Rijiya ta rufta da ni ina ƙasa, aka yi ta tono har rana ta yi sanyi, da aka zaro ni abin da na fara tambaya shi ne ina hulata. Maciji ya sare ni a gindin wata rijiyar, na hau igiya da kaina na fito, shi ne ya mutu. Ranar da igiyar ƙarfen injin jan ƙasa ta kwashe mini yatsun hannun hagu gaba ɗaya, har da babban, ni na naɗe hannun da rigata na taka zuwa asibiti, yaran aikina na biye da ni suna kuka kamar su aka yanka. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwar da ka sha ruwa mai daɗi, tambayi wanda ya haƙa.

Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Idan irina ya ce ya ga abin da ya sa shi riƙe baki, to ba ƙaramin abu ya gani ba.

Jikata ce ta ja ni wurin da na ga abin, 'yar babban ɗana. Ƙusa muke ce mata a gida, don siririya ce, kuma in ta kafe sai dai a haƙura. Da ta gama karatunta sai ta samu gurbin koyon aiki na 'yan watanni a wani gidan ƙere-ƙere. Ubanta yana da shagon fenti, shi kuma abin da yake so ta zo ta zauna masa a shagon. Suka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya: in watannin suka cika mutanen wurin suka riƙe ta aiki, ya sakar mata mara. In ba su riƙe ta ba, ta tattara ta dawo cikin gwangwanayen fenti, ba ƙorafi. A wurin kuwa, kowane mai koyo sai ya ƙera wani abu mai amfani ga wani mutum na gaske, a kan shi za a auna shi.

Ina zaune a ƙofar ɗakina ta zo ta tsuguna.

"Tsoho, aron hannunka nake so."

"Wanne? Mai kyan na riga na ba kakarki tun kafin a haifi ubanki."

"Riƙe mai kyanka. Dungun nake so."

"Me za ki yi da dungu, miya?"

"Yatsu zan sa masa."

Na yi dariya har na ƙware. Likitoci manya sun ga hannun nan sun ce sai haƙuri. Amma da yake ita ce, washegari na sa babbar rigata na bi ta.

Wurin tsohon ɗakin ajiyar kaya ne mai dogon rufi, an cika shi da tebura da wayoyi na lilo daga sama. Tun daga ƙofa wata mata gajera mai furfura a goshi ta tare ni da wani tabarau na roba. Ita ce shugabar wurin, kowa Injiniya yake ce mata.

"Baba, sannu da zuwa. Sa wannan."

"'Yata, idon nan ya ga ƙasan rijiya mai gaba talatin bai ƙifta ba."

"Shi ya sa muke so ya daɗe. Sa, Baba."

Na sa. Ta iya magana, ba laifi.

Abin da na gani a ciki, da wani ne ya ba ni labari da na ce ya ƙara gishiri. Yaran makaranta, waɗanda ba su fi a aike su sayen ashana ba, sun kewaye tebur suna haɗa wata 'yar mota da ke bin baƙin layi a ƙasa ita kaɗai, ta zo kwana ta karya, ba direba. A gefe wani akwati yana yanka katako da haske. Ba zarto, ba wuƙa, ɗigon haske ne kawai yake tafiya, hayaƙi na tashi, a ɗaga murfi a ciro fure. Na zagaya bayan akwatin na leƙa ko akwai mutum, babu.

Amma wanda ya kama ni shi ne injin da suke ce wa firinta. Akwati ne na gilashi, a ciki akwai wani ɗan baki kamar na tsuntsu yana kai da kawowa, yana zubo zaren roba narkakke siriri kamar gashi, layi a kan layi. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli zanzaro yana gina ɗakinsa a jikin bango ya san abin da nake nufi, sai dai wannan ba ya zuwa ɗebo laka, kuma ba ya gajiya. Na tsaya a gabansa ina kallon wani abu yana tsirowa daga babu har ƙafafuna suka yi tsami.

Ƙusa ta zaunar da ni, ta ɗora dungun a kan tebur, ta riƙa zagaya shi da waya a hannu. Can sai ta juyo mini da allon kwamfuta. Ga dunguna a ciki, yana juyawa shi kaɗai a sarari, da tabon ɗinkin, da ɗan ƙashin da ya turo a inda babban yatsa yake a da. Shekara da shekaru ina tare da hannun nan, na saba ɓoye shi cikin aljihu in za a ɗauki hoto, ban taɓa ganin an kalle shi da irin wannan kulawa ba.

Wani dogon yaro da ke koyo tare da ita, Dogo suke ce masa, ya leƙo ya ce, "Baba, ka shiga kwamfuta ke nan. Yanzu ko ka gudu muna da kai."

"Yaro, ni ban taɓa gudu ba. Tambayi macizai."

Bayan 'yan kwanaki hannun ya fito. Fari ne, da kwarmi inda dungun ke shiga, da yatsu biyar masu gaɓoɓi, da zaren kamun kifi da ya bi ta bayan kowane yatsa ya zo ya ɗaure a wani maɗauri a damtsen hannu. Ba batir, ba wuta. Ta sa mini, ta ja maɗaurin.

"Lanƙwasa wuyan hannunka ƙasa, Tsoho."

Na lanƙwasa. Yatsun suka dunƙule.

Na miƙe wuyan hannun. Suka buɗe.

Ta turo mini kofi. Na kai hannu, na lanƙwasa, na ɗaga shi sama. Da hagu. Yaran makarantar nan suka bar motarsu suka zo suka kewaye ni, na yi ta ɗaga musu kofin ina saukewa.

To amma tun a ɗagawar farko na ji bakin kwarmin ya ciji ɗan ƙashin nan, ya kuma goga tabon.

"Ina yake matsa maka?" in ji Ƙusa.

"Ko'ina lafiya lau."

"Tsoho, ka faɗi gaskiya. Ko kaɗan ne ina so in sani."

"Ni za ki tambaya ciwo? Kamar da shi aka haife ni."

A sana'armu akwai ƙa'ida. Wanda ke ƙasan rijiya ba ya cewa na sama ya ji ciwo ko ya tsorata. Ranar da ka faɗa, hannun mai riƙe igiya ya fara rawa, kai da shi duk kun shiga uku. Ka danne, ka gama aikin, ka fito. Da wannan na rayu, da shi na binne waɗanda ba su iya ba. Yarinyar nan ita ke riƙe da igiya, ta rame a kan aikin nan, ubanta kuma yana gida yana jiran a ce an samu matsala. Ni ne zan sa hannunta rawa?

Na tafi da hannun gida. Na yini da shi, na ɗauki buta da shi, na riƙe rediyo da shi, na zagaya majalisarmu ina gaisawa da tsofaffi da hagu don su gani. Kafin mako ya ƙare wurin ya saluɓe, ya fara ruwa. Na samu tsumma mai laushi na naɗe, na tura cikin kwarmin, na ci gaba da harkata. Kullum ta tambaya, kullum in ce lafiya lau.

Ashe su a wurin nan tasu ƙa'idar daban ce. Duk ƙarshen mako sai su ja kujeru su yi da'ira, kowa ya kawo abin da ya lalace masa. Akwai wata doguwar kanta a jikin bango cike da karyayyun kaya, ƙonannu, narkakku, Maƙabarta suke ce mata. Ni a zamanina yaron da ya karya diga ɓoye ta yake yi a bayan gari. Nan kuwa Dogo ya miƙe da fara'arsa ya nuna wata na'urar ban ruwa da ya haɗa, ya ce maimakon ta shayar da shuka sai ta shayar da takalman Injiniya. Aka yi dariya, aka tafa masa, aka yi ta tambayarsa a ina ruwan ya ɓalle, ya ɗora ta a Maƙabarta kamar wanda ya ci kyauta. Na ce a raina, ikon Allah, ga inda ake yi wa ɓarna tafi.

Aka zo kan Ƙusa. Ta ce ita ba ta da abin kawowa, hannun yana aiki, mai shi bai yi kuka da komai ba. Na gyara zama, na ɗaga hannun don kowa ya gani.

Ba wanda ya tafa.

Injiniya ta ce, "Bugun farko daga firinta, a jikin mutum, mako guda, ba inda ya matsa?"

"Haka ya ce."

"Haka ya ce. Ke me kika gani?"

Injiniya ta taso ta zo gabana ta tsuguna.

"Baba, ara mini hannun in duba."

"'Yata, ba abin da ya same shi."

"Na yarda. Ara mini."

Mutane sun zuba ido, ba yadda zan yi. Ta kwance maɗaurin ta zare. Tsumman ya manne da ciwon, da ta ɗaga shi sai da wata yarinya ta kau da kai. Ni ban ko motsa ba, wannan kowa shaida ne.

Injiniya ta duba ciwon da kyau. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, kuma da Ƙusa take.

"A nan, abin da muka ƙera ya karye, ba komai, ga kanta can. Amma abin da muka ƙera ya ji wa mutum ciwo mako guda ba mu sani ba, wannan ne ba a yi."

Na ce, "Ni na ɓoye mata. Yarinyar nan kullum sai ta tambaya."

"Na sani, Baba. Ba kai ne na farko ba, kuma ba kai ne na ƙarshe ba. Wani kunya zai ji, wani ƙaramin yaro ne bai iya faɗa ba, wani kuma jarumi ne irinka. Aikinta ne ta gano ko an ɓoye mata." Ta ɗauki hannun ta sa a aljihun teburinta ta rufe. "Ba zai koma jikinka ba sai ka warke. A kai shi a wanke masa ciwon nan yau."

Ƙusa ce ta kai ni asibiti. Sai da muka fito, an naɗe dungun da bandeji, ta tsaya a bakin titi.

"Tsoho, ka gama da ni."

"Taimakonki na yi."

"Taimako? Da ka ce mini nan yana cizo, da rana ɗaya ta ishe ni gyarawa. Yanzu ranar nuna aiki ta matso, hannun yana kulle a teburin Injiniya, ni kuma an san ni da wadda ta ji wa kakanta ciwo."

"To daga yau zan riƙa faɗa."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai? Ko rantsar da kai aka yi ba za ka faɗa ba. Bakinka bai san hanyar kalmar ba."

Gaskiyarta, ban musa ba.

Ubanta da ya ji labari bai yi faɗa ba, ya dai ce mata ya sa an gyara kujerar da ke bayan kanta a shago. Wannan ya fi faɗa ciwo. Kwanakin da ciwon ke warkewa ta riƙa zuwa wurin aikin tana dawowa kamar wadda aka zare wa laka.

Wata rana da yamma goggonta ta zo gaishe ni, mai son kwalliya ce, ta sha ruwa ta tafi. Ƙusa ta zo kwashe kofuna. Sai na ga ta tsaya da kofin gilashin a hannu tana kallon bakinsa, inda jambakin goggon ya bar shaida.

"Ke, lafiya? Ko kofin ya yi miki magana?"

"Ya yi," in ji ta. Ta ajiye sauran kofunan a nan ƙasa ta fita da gudu tana kiran goggonta.

Ranar da fatar ta haɗe Injiniya ta duba da kanta ta ce to, a gwada, amma na ɗan lokaci kaɗan. Ƙusa ta zaunar da ni, ta zaro jambaki daga aljihu, ta murɗa.

"Me za ki yi da wannan?"

"Kwalliya zan yi maka. Kawo dungun."

"Ni? Mahaƙin rijiya? A gaban yara?"

"Ko dai jambaki, ko shagon fenti. Zaɓi ɗaya, Tsoho."

Na miƙa. Ta shafe dungun tas, har tabon, ya koma ja wur. Dogo ya zo wucewa ya tsaya.

"Baba, yaushe ne bikin? Ba a gayyace mu ba."

"Da uwar kakarka za a ɗaura, kai ne ɗan riƙon jaka."

Ta sa mini hannun a hankali, ta ce in lanƙwasa, in ɗaga kofi, in ajiye, in sake. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zare hannun ta juya kwarmin wajen haske.

Cikinsa fari ne, amma ga ja a wuri biyu, ya kama sosai. Ɗaya daidai inda ƙashin yake, ɗaya dogo a inda bakin ke goga tabon. Ba ƙari, ba ragi. Abin da na danne mako guda, abin da ko matar da na aura ba ta taɓa ji daga bakina ba, ga shi roba ta faɗa a gaban kowa. Na karɓi kwarmin na juya shi, na sake juyawa. Na ga injin da ke yanka da haske, na ga motar da ba direba, amma ban ga abin da ya kai wannan ba, kuma daga kan jikata ya fito.

Ta koma kan kwamfuta, ta buɗa wurin ƙashin, ta kwantar da bakin, ta tura wa firinta. Washegari aka sake shafa mini, aka sake dubawa. Jan ya ragu, ya koma wani gefe. Ta sake gyarawa. Haka muka yi ta yi har jambakin goggo ya kusa ƙarewa, ni kuma na saba, har in na shigo yaran makaranta su ce ga Baba mai kwalliya.

Ranar nuna aiki wurin ya cika da iyaye da baƙi. Ɗana ya zo, ya tsaya can baya ya harɗe hannu. Da aka zo kan Ƙusa, ba sabon hannun ta fara nunawa ba. Duk kwarmin da ta buga ta jera a kan tebur, tun daga na farko wanda ya ji mini ciwo, ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba, ta nuna jan da ke cikin kowanne yana raguwa. Sannan ta shafa mini jambaki a gaban jama'a, ta sa mini sabon, ta miƙo mini lemo da wuƙa.

Na riƙe lemon da hagu, na fere shi da dama, ɓawon ya sauko a zare ɗaya bai tsinke ba. Rabona da fere lemo a tsaye, ba tare da na matse shi a tsakanin gwiwoyi ba, tun ɗan nan nawa yana rarrafe. Aka fara tafi, Injiniya ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Kafin a cire. Baba, ina yake matsa maka?"

Ga baƙi, ga yara, ga ɗana da ya tashi yana jin ana cewa ubansa ba ya jin ciwo. Lafiya lau ta riga ta zo bakina, don ita ta san hanya. Na kalli Ƙusa, ta kafe ni da ido, hannunta na riƙe da bakin tebur. Na ce a raina, wannan rijiyar ba irin tawa ba ce, a nan na ƙasa ne ke gaya wa na sama.

Na ɗora yatsa a gefen wuyan hannun, wajen ƙasa.

"Nan. Yana ɗan cizo. Kaɗan."

Ƙusa ta kwance maɗaurin, ta zare, ta miƙa wa Injiniya ba tare da ta leƙa ba. Injiniya ta ɗaga kwarmin sama ta juya shi wajen jama'a. Fari fat, sai ɗigo ɗaya ja, bai fi ƙwayar wake ba, daidai inda na nuna.

Tafin da aka yi, rabi nawa ne, ko me za a ce. Mutum nawa ne za su iya faɗar abin da na faɗa a gaban taro?

Injiniya ta ajiye kwarmin ta ce wa Ƙusa, "Akwai wata yarinya da za a kawo mana wata mai zuwa, ba ta fara magana sosai ba, hannun dama ne. Ke za ki yi mata. Ki nemi teburin da kike so ki ajiye kayanki."

Ƙusa ta rufe fuska da tafin hannu, jambakin da ke yatsunta ya ɓata mata goshi.

Da taro ya watse na nemi ɗana ban gan shi ba. Can na hango shi a gaban firinta, ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa gilashin, Dogo na yi masa bayani shi kuwa ko ji ba ya yi. Sai da na taɓa shi da hannun robar ya ɗago. Ya kama yatsun ya lanƙwasa ɗaya, ya sake shi.

Muna fita ya ce wa 'yarsa, yana kallon wani wajen, "Gobe ƙarfe nawa ake buɗe wurin nan? In hanya ɗaya ce sai in sauke ki kafin in wuce shago."